Yadda Ake Gyara Wasan Sitiyari da Yawon Jif a Kan Titi Bayan An Ɗaga Ta

Jif ɗin da aka ɗaga aka sa mata manyan tayoyi takan dawo daga gareji da wani hali da ba ta da shi a da. Kana kan kwalta mai kyau, gudu bai wuce kilomita 80 ba, amma hannunka ba ya hutawa. Ka ɗan murɗa dama ta zarce inda kake so, ka dawo hagu ta sake zarcewa. Babbar mota ta gifta, iskarta ta ture ka gefe. Abin da yawancin masu mota ke fara yi shi ne sayen sabuwar shokazobar sitiyari, wasu har guda biyu, wasu kuma su sa a matse akwatin sitiyari. Duk biyun sukan ɓoye ciwon na ɗan lokaci, na biyun ma yakan ƙara ɓarna.

Aikin yana da tsari, kuma tsarin ne ke hana ka zubar da kuɗi a kan kayan da lafiyarsu ƙalau. Za ka fara da taya, ka nemo duk inda ƙarfe ke wasa, ka ɗaure komai yadda ya dace, sannan ka koma kan kusurwoyin da ɗagawar ta canza. Bayanin ya fi shafar motoci masu aksul guda a gaba, irin su Jeep Wrangler, Land Cruiser 70 da 80, Nissan Patrol, Land Rover Defender da Suzuki Jimny. Masu ƙafar gaba mai zaman kanta, irin Hilux na zamani da Prado, suna da nasu sashe a ƙasa.

Fara tantance irin ciwon

Abu huɗu ne mutane ke haɗawa su kira "sitiyari ya lalace", alhali kowanne da tushensa. Wasa shi ne ka juya sitiyari taya ba ta motsa ba, sai ka wuce wani fili kafin ta amsa. Wannan lalacewar ƙarfe ce ko noti ya kwance. Yawo kuma shi ne sitiyarin yana amsawa, amma motar ba ta son tafiya miƙe, kuma in ka sha kwana sitiyarin ba ya komawa tsakiya da kansa. Wannan galibi kusurwar kasta ce (ɗan kwanciyar baya da layin juyawar tayar gaba ke yi) ta ragu, ko iskar taya ta yi yawa. Na uku fizga: motar tana miƙe lafiya har sai ta taka tudu ko ta faɗa kwari, sai ta fizgi gefe ba tare da ka taɓa komai ba. Na huɗu shi ne rawar nan mai tsanani da kan tashi bayan ka taka rami da gudu, gaban motar gaba ɗaya ya ɗauki kakkarwa, ba ta tsayawa sai ka rage gudu sosai. Mota ɗaya tana iya haɗa biyu ko uku, don haka ka rubuta abin da ka ji, da gudun da ya faru, da irin hanyar.

Auna wasan kafin ka taɓa komai. Mota a ƙasa, tayoyi a miƙe, inji a kunne. Manna ɗan tef a bakin sitiyari, ka juya a hankali har ka ga tayar gaba ta fara motsi, ka koma ɗaya gefen haka nan. Littattafan Toyota na irin waɗannan motoci suna sa iyakar wannan fili tsakanin milimita 30 zuwa 40, gwargwadon samfuri. In naka ya kai faɗin tafin hannu, akwai abin da ya mutu a ƙasa.

Kayan aikin ba su da yawa: jak da ƙarafan tokare masu ƙarfi, doguwar liba, tocila, tef ɗin awo, alli, gejin iska, sifanar da ke auna ƙarfin ɗauri, ma'aunin kusurwa (wayar hannu ma tana yi in tana da manhajar), da mutum ɗaya da zai zauna a kujerar direba.

Taya tukuna

Lambar da aka rubuta a gefen taya iyakar iskar da za ta iya ɗauka ce a kan cikakken lodi, ba iskar da motarka ke buƙata ba. Babbar taya tana ɗaukar nauyi ɗaya da ƙarancin iska fiye da ƙarama. In aka bugawa taya mai inci 35 iska psi 45 ko 50, tsakiyarta ne kawai ke taɓa ƙasa, motar ta zama kamar tana tafiya a kan ƙwallo. A jif mai matsakaicin nauyi irin Wrangler, irin wannan taya ta fi zama daidai a wajen 26 zuwa 30. Mota mai nauyi ko mai lodi tana son fiye da haka, don haka a gwada da alli: ja layi mai kauri a faɗin ƙasan tayar daga gefe zuwa gefe, ka tuƙa miƙe kamar mita 30 a kan kwalta mai laushi, ka duba. In tsakiya ya goge gefuna suna nan, iska ta yi yawa. In gefuna suka goge tsakiya ya rage, ta yi kaɗan. Rage ko ƙara biyu-biyu, kuma kullum ka auna taya tana sanyi.

Sai ka shafa hannu a kan ƙasan tayoyin gaba. In ka ji kaifi ta gefe ɗaya kamar haƙoran zarto, saitin tsukewar tayoyi ya kauce. In ka ji kwari-kwari, shokazoba ta gaji ko balansin ya tafi. Musanya tayoyin gaba da na baya ka sake gwada hanya: in halin motar ya canza, taya ce ko rim. Ka tuna kuma rim mai fitowa waje sosai, ko faifan da ake sakawa don ture taya waje, yana ba duk wani rami dogon hannu na murɗa sitiyari, kuma yana cin boris da boljoyin (gaɓa mai kan ƙwallo da ƙafa ke juyawa a kanta) da wuri. Wannan ba a gyara shi da saiti, sai dai a koma rim ɗin da bai fita da yawa ba.

Gwajin kaɗa sitiyari a tsaye

Wannan gwajin ne ke kama mafi yawan masu laifi, kuma ba ya cin ko sisi. Kada a ɗaga motar. Nauyinta a kan tayoyi shi ke tilasta wa duk abin da ya saki ya nuna kansa. Ja birkin hannu, sa duwatsu ko katako a tayoyin baya, kunna inji. Mataimakinka ya riƙa kaɗa sitiyari hagu da dama da ɗan sauri, kamar daga ƙarfe 11 zuwa ƙarfe 1 na agogo, ba tsayawa. Kai kuma ka kwanta ta gaba da tocila, ka kiyayi fanka da bel.

Bi motsin daga sama zuwa ƙasa. Sandar da ta sauko daga sitiyari zuwa akwati tana da kuros (gaɓar da ke barin sanda ta juya a karkace) ɗaya ko biyu, wasu kuma da faifan roba. Riƙe sama da ƙasan kowane kuros: in sama ya juya ƙasa ya makara, ya mutu. Motar da aka ɗaga bodinta daga kan shasi ta fi kamuwa da wannan, domin an ja sandar ta miƙe fiye da yadda aka yi ta.

Daga nan akwatin sitiyari. Abu uku za ka duba. Shin akwatin kansa yana motsi a kan shasi? Goge wurin da tsumma ka haska: layin tsatsa mai ja kewaye da bol alama ce ta tsagewa ko ɗauri ya saki. Manyan tayoyi suna ɗora wa wannan wuri nauyin da ba a yi shi dominsa ba, kuma an san Cherokee XJ da Land Cruiser 80 da tsagewa a nan. In shasi ya tsage, sai walda da farantin ƙarfafawa, babu wani saiti da zai yi magani. Na biyu, sandar da ta fito ƙasan akwatin, wadda hannun fitman (hannun ƙarfen da ke kai juyin akwati zuwa sandunan sitiyari) ke ɗaure a kanta: juyawa kawai ya kamata ta yi. In tana karkata gefe kafin ta juya, bushin ɗin ciki ya ci, akwatin na son gyara ko canji. Na uku, babban notin hannun fitman, wanda kan kwance musamman in an canza hannun lokacin ɗagawa.

Yanzu kawunan tayarod (sandar da ta haɗa tayoyin gaba biyu) da na sandar ja, wato sandar da ta taso daga hannun fitman zuwa ƙafa. Kama kowane kai da tafin hannu yadda yatsunka za su taɓa ɓangarorin biyu. Lafiyayyen kai yana tafiya tare da abin da aka ɗaura shi a kai, lokaci guda. Mataccen yana ɗan tsalle sama ko ya yi ƙas-ƙas a hannunka kafin ya ja. Juyawar sandar a kan tsawonta ba laifi ba ne, haka aka yi ta. Sai dai a wasu tsare-tsaren da sandar ja ke haɗuwa da tayarod a tsakiya, tayarod ɗin kan mirgina gaba da baya kafin ya tura taya, kuma wannan mirginawar ita ce filin da kake ji a sitiyari.

Ka fi daɗewa a kan sandar fanhad, wadda ta ratsa daga shasi zuwa aksul don hana aksul zamewa gefe. Duk lokacin da ka juya sitiyari, sandar ja tana tura aksul gefe, fanhad ce ke riƙe shi. In ta saki ko da milimita ɗaya ko biyu, ƙarfin da ya kamata ya juya taya sai ya tafi wajen tura bodin motar. Dubi gaban motar daga nesa kaɗan: in bodi yana lilo hagu da dama a kan aksul kafin tayoyi su juya, ka sami ɓarawon. Sa yatsa a kan kan bol ɗin da kuma jikin maƙalarsa. In bol yana motsi a cikin rami, kwance shi ka duba ramin. Bol ɗin da aka bari a sake yakan cinye ramin ya zama kamar ƙwai, kuma daga nan ko ka ɗaure shi da ƙarfin duniya zai sake motsi. Maganinsa a yi waldar washa mai kauri, mai rami daidai da bol ɗin, a kan maƙalar, a sa sabon bol mai ƙarfi wanda sashensa marar zare ne ke zaune a cikin ramin. Dubi maƙalar kanta ma, musamman wadda aka ƙara lokacin ɗagawa: doguwar maƙala mai bol biyu kacal takan lanƙwashe a kowane juyi.

Ɗaga ƙafar gaba

Sa jak a ƙarƙashin aksul, tokare shi, taya ta bar ƙasa da kamar santimita 5. Kama tayar sama da ƙasa ka girgiza. In akwai motsi, mataimaki ya taka birki ka sake girgizawa. Motsin ya ɓace, boris ɗin taya ne. Yana nan, boljoyin ne ko boris ɗin kimfin (fin ɗin da ƙafa ke juyawa a kansa). Sai ka zura liba ƙarƙashin tayar ka ɗaga sama kana kallon boljoyin da tocila. Ƙaramin motsi sama da ƙasa wasu samfura sun yarda da shi, littafin motar zai faɗi iyaka, amma motsin gefe ba a yarda da shi ba.

Land Cruiser, Patrol da Defender ba su da boljoyin a aksul ɗin gaba. Ƙafar tana juyawa ne a kan ƙananan boris ko fin sama da ƙasa, ana matse su da siraran faranti. In matsin ya tafi, ƙafar ta zama sakaka, ga yawo ga rawa. Ana auna shi ne bayan an cire tayarod, a ja hannun ƙafar da ƙaramin sikelin rataye a ga kilo nawa take buƙata kafin ta motsa, a gwada da adadin littafi, a rage faranti in ya yi sauƙi. A Land Cruiser 80 ka duba notuna huɗun da ke ƙasan ƙafa, masu riƙe hannun sitiyari, musamman na gefen da sandar ja ke ɗaure. Ɗaurinsu Nm 96 ne. Sukan kwance, in kuma suka karye ƙafar ce ke fita.

Akwai kishiyar wannan da mutane ke mantawa: abin da ya cika tauri shi ma yana kawo yawo. Sabon boljoyin da aka matse ba daidai ba yakan riƙe ƙafa a inda ka bar ta, motar ta ƙi komawa tsakiya, kai ta gyara ta da hannu. Cire tayarod ka juya ƙafar da hannu daga ƙarshe zuwa ƙarshe. Ya kamata ta tafi sumul, ba tsalle, ba maƙalewa.

Akwatin sitiyari: a taɓa shi da tsoro

Sai bayan komai na sama ya fita lafiya, kuma ka ga sandar shiga tana juyawa hannun fitman bai amsa ba, sannan za ka taɓa sukurun saman akwati. Tayoyi su kasance a miƙe sosai, domin an ƙera haƙoran ciki su fi matsewa a tsakiya. In ka saita shi a karkace, zai maƙale idan ya zo tsakiya. Yi wa sukurun alama da fenti, riƙe shi, sassauta notin da ke kulle shi, juya shi ciki kashi ɗaya cikin takwas na zagaye, kulle, gwada. In ƙafa tana sama kuma inji a kashe, juya sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe: ɗan nauyi kaɗan a tsakiya daidai ne, maƙalewa ba daidai ba ne. In ka kai rabin zagaye wasan bai tafi ba, akwatin ya ci, ka tsaya. Wanda ya ci gaba da matsewa zai sami sitiyarin da ba ya dawowa bayan kwana, gyaran gangar Abzinawa ke nan.

Sake ɗaure hannayen aksul da nauyi a ƙasa

Kuskuren da aka fi yi wajen ɗaga mota shi ne a ɗaure bol ɗin hannayen aksul da na fanhad alhali motar tana rataye a sama. Bushin ɗin roba ba ya juyawa a kan bol, murɗewa yake yi. In aka kulle shi aksul na rataye, da an sauke motar robar ta zauna a murɗe, ta riƙa jan aksul, kuma cikin 'yan watanni ta yage. Sauke motar a wuri mai daidai, sassauta dukkan waɗannan bol ɗin gaba da baya, girgiza motar sama da ƙasa sau da yawa, sannan ka ɗaure da sifanar awo. A Wrangler JK, fanhad da hannayen ƙasa Nm 169 ne, hannayen sama na gaba Nm 102. Kowace mota da nata adadin, kuma "na ɗaure sosai" ba adadi ba ne. Ja layin fenti daga kan noti zuwa jikin maƙala, don gobe kallo ɗaya ya gaya maka ko ya motsa.

Kasta, uwar yawo

In babu wasa ko'ina amma motar tana yawo, kusan kullum nan ne. Layin da ƙafar gaba ke juyawa a kansa ba a tsaye yake ƙyam ba, samansa ya ɗan kwanta baya, kamar cokalin gaban keke. Wannan kwanciyar ita ce kasta, ita ke sa taya ta bi bayan inda ake jan ta, sitiyari ya dawo tsakiya da kansa. Idan aka ɗaga mota, aksul yana sauka ƙasa a kan hannayensa, yana saukowa yana mirginawa gaba, kastar tana raguwa.

Lissafin mai sauƙi ne a motoci masu hannu ɗaya kowane gefe, irin Land Cruiser 80, Patrol, Defender da Jimny. In tsawon hannun mita 1 ne aka ɗaga santimita 5, aksul ya mirgina kusan digiri 3. Motar da ta fito daga kamfani da digiri 3 ta koma sifili ke nan. Gajeren hannu ya fi asara, shi ya sa Jimny ke saurin nuna hali. Masu hannu huɗu, sama da ƙasa, asararsu ba ta kai haka ba, amma tana nan. Wrangler JK tana fitowa da kusan digiri 4.2, kuma bayan ɗagawa ana neman a mayar da ita tsakanin 4 da 5.

Na'urar alaimen ce ta fi ba da adadi na gaskiya. Ka nemi a ba ka takardar awon, kada ka yarda da "ya yi daidai" na baki, domin wasu wuraren tsukewar taya kawai suke taɓawa. A gida kuma kana iya kusantar adadin: mota a wuri mai daidai, juya taya digiri 20 waje ka ɗora ma'aunin kusurwa a tsaye a jikin rim ka rubuta, juya ta digiri 20 ciki ka sake rubutawa, bambancin ka ninka da kusan 1.5. A JK akwai gajeriyar hanya: kasta da kusurwar bakin difa na gaba (inda furofela ke haɗuwa da aksul) in an haɗa su digiri 6 ne, don haka in bakin difa ya kalli sama da digiri 2, kastarka 4 ce.

Gyaran ya danganta da irin ƙafar. Masu hannu ɗaya, ɗagawar santimita 5 ana mayar da ita da bushin mai rami a karkace, wanda kan dawo da kamar digiri 2. Yana aiki, amma robar ta yi siriri ta gefe ɗaya, tana rage lanƙwasar ƙafa a daji kuma ba ta daɗewa. Daga santimita 7 zuwa sama gara faranti na gyaran kasta, ko maƙalar da ke sauke gindin hannun daga shasi, ko sababbin hannaye da aka ƙera da kusurwar a jikinsu. Masu hannu huɗu, a ƙara tsawon hannayen ƙasa ko a rage na sama, zagaye ɗaya-ɗaya, hagu da dama daidai wa daida. Masu sifirin ganye kuma, dogon shakul (ƙarfen da ke rataye ƙarshen sifirin a shasi) a gaban sifirin yana cin kasta. Ana mayar da ita da weji na ƙarfe mai digiri 2 zuwa 4 tsakanin sifirin da aksul. In aksul yana saman sifirin, kaurin wejin ya kalli gaba. A sa na ƙarfe wanda fin ɗin tsakiya ya ratsa shi, na alminiyam yakan fashe ya zame, kuma a canza yubol (bol masu siffar U da ke ɗaure sifirin da aksul) da sababbi.

Akwai ciniki a nan da ba a kauce masa. Duk digirin da ka ƙara wa kasta, bakin difa ya sunkuya ƙasa da digiri ɗaya, kusurwar furofelar gaba ta ƙaru. In ka wuce gona da iri za ka ji gurnani ko kakkarwa a ƙarƙashin ƙafarka, musamman a mota mai jan ƙafa huɗu kodayaushe. Ƙara kasta har sitiyari ya fara dawowa da kansa, in furofela ta fara magana ka koma baya da rabin digiri. Bambancin hagu da dama kada ya wuce rabin digiri, domin mota tana ja zuwa gefen da kastarsa ta fi ƙanƙanta. Kuma in bayan motar ya fi gaba tsawo sosai, wannan sunkuyon ma yana rage kasta, don haka a auna ta da irin lodin da ake yawo da shi kullum.

Fanhad da sandar ja su tafi tare

Tsuguna a gaban motar ka dubi sandunan biyu. Abin lura shi ne layin da ya haɗa kan kowace sanda da ɗaya kan, ba lanƙwasar jikinta ba. Ɗaura zare daga bol zuwa bol in ido ya ruɗe. Layukan biyu su kasance a kwance ɗaya, tsawonsu kuma ya yi kusa. Haka ne zai sa in aksul ya hau ko ya sauka su zana baka iri ɗaya. In ɗaya ta fi ɗaya tsayuwa, duk hawa da sauka sai ta ja ƙafa gefe, fizgar nan ke nan.

Yawanci hannun mutum ne ke kawo wannan. An sa dogon hannun fitman mai saukowa ƙasa ba a sauke maƙalar fanhad ba, ko an ɗaga maƙalar fanhad a kan aksul an bar sandar ja a inda take. Dokar ita ce duk abin da aka yi wa ɗaya a yi wa ɗayar, da awo ɗaya. A ɗagawar da ba ta wuce santimita 5 zuwa 7 ba, hannun fitman na asali da maƙala ta asali sun fi zama lafiya.

Ɗagawa tana kuma jan aksul gefe ɗaya. Fanhad mai santimita 90 wadda a da ta sauko da santimita 10, in aka ƙara 7.5, aksul zai matsa fiye da santimita 1. Auna daga gefen taya zuwa wuri ɗaya a shasi, hagu da dama. In bambancin ya kai santimita 2, sa fanhad mai saiti, ka gyara da rabin bambancin.

Tsukewar tayoyi da miƙe sitiyari

Wannan ne na ƙarshe a saiti, domin duk abin da ka taɓa a sama yana canza shi. A yawancin waɗannan motoci, gaban tayoyin gaba ya ɗan fi bayansu tsukewa da milimita 1.5 zuwa 3. In suka buɗe waje, motar za ta riƙa bin duk wani layi da ta gani a titi. Yi alama a tsakiyar kowace taya ta gaba, a tsawon cibiyar aksul, auna tsakaninsu, tura motar gaba har alamomin su koma baya a tsawo ɗaya, sake aunawa. Ana gyarawa da tayarod. Kafin nan ɗora doguwar madaidaiciyar sanda a jikinsa, domin tayarod da ya daki dutse yakan lanƙwashe ba a lura ba. Bayan haka a miƙe sitiyari da sandar ja kaɗai, ba ta hanyar cire sitiyarin a sake dasa shi ba, don akwatin ya zauna a tsakiyarsa inda ba shi da wasa. A motoci masu kwamfutar hana santsi, karkataccen sitiyari yakan sa ta riƙa taka birki da kanta a kwana.

Kada a manta da baya

Aksul ɗin baya da ke motsi yana tuƙa motar daga baya, direba kuma ya ɗauka gaba ne. Alamarsa motar ta karkata gefe in ka ba ta wuta, ta koma ɗaya gefen in ka saki. Zura liba a bushin ɗin hannayen baya da fanhad ta baya, duba yubol da fin ɗin tsakiyar sifirin, auna daga cibiyar tayar gaba zuwa ta baya a gefe biyu. In an cire sandar hana tangaɗi don shiga daji, a mayar da ita kafin a hau kwalta, da dogayen maɗaurai daidai da ɗagawar.

Masu ƙafar gaba mai zaman kanta

Nan babu fanhad a gaba. Wasan yakan ɓuya a tayarod na ciki, ƙarƙashin robar rak (sanda mai haƙora da ke tura tayoyi a madadin akwatin sitiyari), da kuma bushin ɗin da ke riƙe rak ɗin a shasi. Kalli rak ɗin lokacin gwajin kaɗawa: in jikinsa yana zamewa gefe, bushin ne. Tsofaffin Hilux da Pajero masu akwati suna da hannun rakiya (abokin hannun fitman mai tallafe sandar sitiyari) a ɗaya gefen, wanda bushinsa ke saurin ci da manyan tayoyi. Kasta da kamba (karkatar saman taya ciki ko waje) ana saita su da bol masu kan ƙwai a hannun ƙasa, sai dai in ɗagawa ta wuce kamar santimita 5 saitin yakan ƙare kafin a kai adadi, boljoyin na sama kuma ya kusa iyakarsa. Nan ne sabon hannun sama mai ƙarin kasta ke da amfani. In bol ɗin saitin ya yi tsatsa ya manne da bushin, juya shi robar kawai yake murɗawa, sai an yanke shi an sa sabo da giris.

Shokazobar sitiyari da gwajin hanya

Aikinta rage dukan da rami ke aikowa hannunka, ba riƙe mota a miƙe ba. Cire ta ka ja ta da hannu: ta yi tauri iri ɗaya shiga da fita, ba fili, ba yoyon mai, sandarta ba lanƙwasa. Mai iskar gas a ciki takan tura sitiyari gefe ɗaya a hankali. Motar da aka gyara daidai tana tafiya miƙe ko babu ita, don haka gwajin farko a yi shi ba tare da ita ba, a hanya marar cunkoso, a fara da gudu kaɗan.

Zaɓi hanya ɗaya mai miƙe da kwana da ɗan gargada, ka riƙa bin ta bayan kowane gyara, kuma abu ɗaya za ka canza kafin kowane gwaji. Fita daga kwana da gudun kilomita 30 ka sassauta hannu: sitiyari ya dawo kusan tsakiya da kansa. A kan 80, motar ta riƙe layinta na 'yan daƙiƙu ba tare da gyara ba. In rawar nan mai tsanani ta taso, kada ka danna birki da ƙarfi, riƙe sitiyari, saki totur, rage gudu a hankali har ta lafa, ka koma kan fanhad da boljoyin da balansin taya. Bayan kilomita 500 da kuma bayan duk fita daji mai wuya, bi layukan fentin nan da tocila, ka sake ɗora sifanar awo a kan fanhad, hannayen aksul, yubol da notunan taya.